Wasan Haya, Wasan Gado, Ko Sabon Ɗinki: Wanne Ƙungiyarku Za Ta Hau Dandamali Da Shi?

Taron farko na ƙungiyar wasan kwaikwayo, ta makaranta ce ko ta samarin unguwa, kusan kullum iri ɗaya ne. Za a kwashe awa biyu ana ja-in-ja kan wanda zai fito a alhaji, da wadda za ta zama uwargida, da inda za a aro lasifika, da ko za a karɓi kuɗin ƙofa. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: wasan nan na wane ne, kuma mai shi ya yarda? Daga amsar wannan tambaya ake gane abin da za a kashe, da abin da za a iya sauyawa a rubutun, da ko za a iya ɗora bidiyon a YouTube bayan an tashi. Shi ya sa nake ganin da ita ya kamata a fara.

Dokar haƙƙin mallaka da Najeriya ke aiki da ita yanzu ita ce ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta rubutaccen wasa na marubucinsa ne muddin yana raye, sannan na magadansa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Sayen littafi bai ba mutum ikon nuna wasan a bainar jama'a ba, bai kuma ba shi ikon fassara shi ba. Karatu a cikin aji daban, gayyato gari su zo kallo daban. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, saboda haka marubucin Landan yana da kariya a Kano kamar yadda na Kano yake da ita a Landan. A Nijar kuwa akwai hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin marubuta da mawaƙa, ita ake tuntuɓa.

Bari in fara da hanyar da ta fi ƙyalƙyali, wato hayar wasa daga kamfanonin waje. A Amurka da Ingila akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai wannan. Concord Theatricals, wanda ya haɗiye tsohon kamfanin Samuel French a 2018, yana riƙe da dubban wasanni. Music Theatre International, wanda aka kafa a 1952, ya fi ƙarfi a wasanni masu waƙa da rawa. Akwai Dramatists Play Service a New York tun 1936, akwai Nick Hern Books a Landan mai fitar da sababbin wasanni jim kaɗan bayan an nuna su. Tsarinsu a fili yake. Ka shiga shafinsu, ka tace wasanni gwargwadon yawan 'yan wasanka, maza nawa mata nawa, da tsawon lokacin da kake so. Ka cike takarda ka faɗi wurin da za a yi, kujeru nawa ne, nawa ne tikiti, sau nawa za a nuna. Su kuma su yanka maka kuɗi, ko dai wani adadi kan kowace nunawa, ko wani kaso na kuɗin ƙofa. Ko kyauta za a shiga, sai an biya.

Amfanin wannan hanya ba ƙarami ba ne, kuma ba na son a raina shi. Wasan da ya kai ga hannun waɗannan kamfanoni ya riga ya sha gwaji a gaban jama'a, an yanke masa duk wani kitse. Fitowa tana bin fitowa ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗalibin da ya yi wata biyu yana haddace irin wannan rubutu zai koyi yadda ake gina wasa fiye da abin da lacca goma za ta koya masa.

Amma sharuɗɗan suna da tsauri, kuma a nan ne mafi yawan ƙungiyoyinmu za su ci karo da bango. Ba a yarda ka sauya kalma ba sai da izini a rubuce. Ba ka mayar da namiji mace don kana da 'yan mata da yawa, ba ka cire fitowar da ake shan giya ko ake rungumar juna don iyaye za su zo kallo, ba ka mayar da labarin Zariya alhali a Chicago aka rubuta shi. Fassara zuwa Hausa izini ne na daban, ɗaukar bidiyo ma na daban. Waɗanda ke ganin ai nesa ta yi nesa, wa zai sani, su tuna abin da ya faru a 2022: wata coci a garin McAllen na jihar Texas ta nuna wasan Hamilton ba da izini ba, ta kuma sauya wasu baitoci don su dace da wa'azinta. Bidiyon ya bazu a intanet, ƙarshenta cocin ta fito ta nemi gafara ta kuma amince za ta biya diyya. Wayar ɗan kallo guda ɗaya ta isa ta kai labari ko'ina. Ga kuma batun kuɗi: da dala ko fam ake biya, da katin banki mai aiki a waje, alhali kuɗin ƙofarka naira ne ko sefa.

In wasan mai waƙe-waƙe ne, nauyin ya ninka. Bayan kuɗin izini akwai hayar littattafan waƙa da na kiɗa, wani lokaci da kuɗin ajiya. Ana bukatar wanda ya iya karanta rubutaccen kiɗa irin na Turawa ya koyar da muryoyi, ana bukatar makirufo a jikin kowane babban ɗan wasa, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar waƙa ba. Music Theatre International ya sauƙaƙa wa makarantu da gajerun sigogi, na minti 60 da na minti 30, masu zuwa da kiɗan da aka riga aka naɗa, har da The Lion King a cikinsu. Makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna mai malamin kiɗa da babban ɗakin taro, wadda iyayen yaranta ke son jin 'ya'yansu suna rera Turanci, za ta iya ɗaukar wannan ta ji daɗinsa. Ƙungiyar da ke bita a ajin firamare bayan la'asar kuwa, zanen aro ne, ba zai rufe mata katara ba. Abin da ya sa gidan wasan Terra Kulture a Legas ya yi suna da wasannin waƙa irin su Saro ai shi ne labarin Legas aka rera wa mutanen Legas da kiɗan da suka sani.

Kusa da gida akwai wasannin 'yan Najeriya da aka rubuta da Turanci. Waɗannan sun fi dacewa da ɗaliban jami'a da kwalejin ilimi, inda 'yan kallo suka haɗa ƙabilu. Our Husband Has Gone Mad Again na Ola Rotimi, labarin tsohon soja da ya faɗa siyasa ga mata uku a wuyansa, ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba kafin ya fara dariya. Attahiru na Ahmed Yerima kuwa tarihinmu ne kai tsaye, na Sarkin Musulmi Attahiru da zuwan Turawa da abin da ya ƙare a Burmi a 1903. Sai dai yana cin mutane da kaya: maza da yawa, rawuna, alkyabba, kayan soja, kuma fito da Sarkin Musulmi a dandamali abu ne da ake yi da natsuwa, ba a ba wa yaron da ya fi kowa iya ba da dariya. Rotimi ya rasu a 2000, don haka iyalinsa da mawallafinsa ake nema. Yerima kuwa ana iya rubuta masa. Kuɗin da naira ne, kuma akwai fuskar da za a roƙi sassauci. Raunin hanyar ɗaya ne: da zarar an fita daga harabar makaranta, rabin 'yan kallo sun zama baƙi a wasan.

Sai wasanninmu na gado, waɗanda da yawanmu muka karanta a sakandare. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba a banza waɗannan suka daɗe ba. Hausarsu ta baki ce, ba ta takarda ba. Ɗan wasa ba ya wahalar haddace ta domin haka kakarsa ke magana. Kayan wasa kuwa tabarma ce da buta da kujerar tsugunno. Dattijon da ya karanta Uwar Gulma shekara arba'in da suka wuce zai biya kuɗin ƙofa don kawai ya ga Hayatu da Halima da idonsa.

Akwai abubuwa biyu da mai zaɓen wannan hanya zai sani. Na farko, tsufan littafi bai sa ya zama na kowa ba. Ko Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun zamanin Turawa, yana cikin kariya har ƙarshen 2036 tunda marubucin ya rasu a 1966, kuma sigar wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar a 1975 tana da nata haƙƙin daban. Yawancin waɗannan littattafai kamfanin ɗab'i na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) na Zariya ne ya buga su, don haka daga can ake fara tambaya, a kuma nemi iyalan marubucin. Wasiƙa ɗaya da gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa sukan wadatar, kuma girmamawa ce da waɗannan gidaje suka cancanta. Na biyu, wasu daga cikin wasannin ba don dandamali aka fara tsara su ba. Na Shu'aibu Maƙarfi a rediyo suka fara, shi ya sa za ka ga zance mai tsawo da sauyin wuri akai-akai, abin da kunne ke ɗauka cikin sauƙi amma ido ke gajiya da shi. Sai an yi musu aski kafin su hau dandamali, kuma askin nan yana cikin abin da za a nemi izini a kai. Haka nan yadda wasunsu ke kallon mace, musamman 'yar boko da bazawara, na zamaninsu ne. Ƙungiyar da rabinta 'yan mata ne ta zauna ta karanta tare kafin ta yanke shawara.

Hanyar da na fi ganin an yi wa sakaci ita ce ta wasannin da wa'adin kariyarsu ya ƙare, waɗanda kowa ke da ikon ɗauka ya fassara, ya yanke, ya sauya suna da gari ba tare da ya biya ko sisi ba. Ba sabon abu ba ne a wurinmu: Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Amma rumbun ya fi Shakespeare faɗi nesa ba kusa ba, kuma akwai waɗanda suka fi shi dacewa da mu.

Ɗauki wasan sufeton gwamnati na Gogol, marubucin Rasha, wanda aka fara nunawa a 1836. Manyan wani ƙaramin gari, daga shugaban gari zuwa alƙali da mai kula da asibiti da na makarantu da na gidan waya, sun sami labarin cewa an turo mai bincike a ɓoye. Sai suka ɗauka wani matashin ma'aikaci da ya maƙale a masauki ba ko kuɗin abinci shi ne mutumin. Kowa ya riƙa zuwa yana cusa masa kuɗi, shugaban gari ya kai shi gidansa har ya yi masa alkawarin 'yarsa. Bayan ya tsere ne aka buɗe wasiƙarsa aka gane ko wane ne, kuma ana cikin wannan ruɗani aka shigo da sanarwar cewa mai binciken gaskiya ya iso. Wa zai karanta wannan bai ga sakatariyar ƙaramar hukuma ba? Femi Osofisan ya riga ya mayar da shi Najeriya da Turanci a Who's Afraid of Solarin?, ƙofar Hausa kuwa a buɗe take. Yana son maza da yawa, mata kaɗan.

Ko wasan Ibsen na 1882 kan likitan da aka yi wa laƙabi da maƙiyin jama'a. Likitan ya gano cewa ruwan da garinsu ke taƙama da shi, wanda baƙi ke zuwa wanka don neman lafiya, ya gurɓace da dattin majemu. Yayansa ne shugaban gari, surukinsa kuma mai majema ne. Da ya ce sai ya faɗa, gari duka ya juya masa baya. Mutumin Kano da ya san abin da masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa ke zubarwa ba ya bukatar a fassara masa zafin wannan labari. Wasa ne mai nauyi, na manya, kuma yana bukatar ɗan wasa guda mai ƙarfin da zai riƙe taron jama'a shi kaɗai a kashi na huɗu.

Ga masu son raha akwai marowacin Molière na 1668, wanda ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, yake neman auren yarinyar da ɗansa ke so, yake kuma son aurar da 'yarsa ga wani dattijo don kawai ya ce zai karɓe ta ba tare da uban ya kashe komai ba. Mayar da wannan zuwa maganar kayan ɗaki da gara, ka ga ko akwai uwar da ba za ta tafa hannu ba. 'Yan'uwanmu na Zinder da Maraɗi sun fi mu sa'a a nan, domin daga Faransancin asali za su ɗauko shi. In kuwa ƙungiyar ba ta wuce mutum biyar ba, akwai ɗan gajeren wasan Chekhov na neman aure: maza biyu, mace ɗaya, ɗaki ɗaya, kusan rabin awa. Saurayi ya zo neman aure, kafin ya buɗe baki sai gardamar iyakar fili ta ɓarke tsakaninsa da yarinyar. A asali gardama ta biyu a kan karnukan farauta ce. A Hausa doki ko ragon layya zai fi zama.

Tarkon da ke wannan hanya shi ne fassarar da ka ɗauko. Ibsen ya rasu a 1906, amma sigar Turancin da Arthur Miller ya yi wa wasan likitan a 1950 tana da mai ita, tunda Miller sai 2005 ya rasu. Haka Daren Sha Biyu: Shakespeare na kowa ne, Hausar Ibrahim Yaro Yahaya ba ta kowa ba ce. A nemi tsohuwar fassara wadda mai ita ya daɗe da rasuwa, irin waɗanda ake samu kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, a yi aiki daga kanta. Kuma kada a raina aikin. Fassarar wasa ba a yin ta kalma da kalma. Sai an karanta fitowa, a rufe littafi, a tambayi kai yadda Bahaushe zai faɗi wannan in ransa ya ɓaci, sannan a ba 'yan wasa su furta a ji inda harshe ke tuntuɓe. Wata biyu zuwa uku na mutum ɗaya mai kunnen Hausa, kafin a fara bita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka, in ƙungiya tana da ɗan abin hannu, ko da bai kai na hayar wasan waje ba, ni inda zan ce ta kai shi shi ne wurin marubucin Hausa mai rai. Muna da marubuta fiye da kowane lokaci a tarihinmu: na littattafan Kano, na rediyo, na fim, da matan da gasar Hikayata ta BBC Hausa ta fito da su tun 2016. Amma rubutaccen wasan dandamali ya yi ƙaranci, domin babu mai nema. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta Malam Zalimu, akwai wasu ma, sai dai ba za a kwatanta yawansu da na ƙagaggun labarai ba. Marubuci ba zai ɓata wata uku kan abin da ba wanda zai hau dandamali da shi ba. Ranar da ƙungiyoyi suka fara ƙwanƙwasa ƙofa da kuɗi a hannu, za a rubuta.

Abin da sabon ɗinki ya fi sauran da shi shi ne a jikinka ake auna shi. Kana da 'yan mata tara da samari huɗu, haka za a rubuta. Filinku ba shi da labule, za a tsara wasan da ba ya bukatar labule. Abin da ke damun garinku a bana, ko shaye-shaye ne, ko tsadar aure, ko rikicin gado, ko 'yan gudun hijirar da suka cika makarantar firamare, shi za a taɓa, da karin harshen garin. In fitowa ba ta yi ba a wurin bita, marubucin yana zaune a gefe, gobe zai kawo gyara. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna tun shekarun 1970 cewa ana iya shiga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, a saurari manoma, a gina wasa daga bakinsu, su kuma taru su kalla su yi muhawara. Haɗarin a fili yake: sabon wasa ba a gwada shi ba, yana iya fitowa da rauni, kuma marubucin labari yakan cika bayani inda dandamali ke son aiki. Maganinsa a yi zaman karatu tun rubutun farko, a gayyato mutum goma da ba 'yan ƙungiya ba, a lura da inda suka fara duba waya.

Nan ne kuma amsar masu son wasa mai waƙa take. Ba mu rasa wannan gado ba. Tashe wasa ne da waƙa da kiɗa da shigar burtu, waƙoƙin gaɗa da na dandali suna da amshi da tafi da rawa a shirye. Mai kalangu ɗaya, mai gurmi ko kukuma, da 'yan amshi shida sun isa su ɗauki wasan awa ɗaya da rabi ba tare da an kunna janareta don kiɗa ba. Sai dai a kula: waƙar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko ta Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ko waƙar fim ɗin da ake yayi, duk suna da masu su. Ya fi sauƙi a sa mawaƙin gari ya yi sababbin baitoci a kan karin gargajiya, a saka shi cikin yarjejeniya.

Yarjejeniyar kuwa a rubuta ta, ko da marubucin abokin wani ne a ƙungiyar, ko da shafi ɗaya ce. A faɗi nawa za a ba shi kafin ya fara da nawa in ya gama, da kason da zai samu daga kuɗin ƙofa in an sake nunawa. A faɗi cewa wasan nasa ne, ƙungiya kuma ita kaɗai ke da ikon nuna shi na wani lokaci, shekara ɗaya ko biyu, bayan nan ya ba wanda ya ga dama. A faɗi wa ke da ikon gyara, da yadda sunansa zai fito a fosta. Sannan a yi magana a fili kan bidiyo: wa zai ɗauka, a shafin wa za a ɗora, in kuɗi ya shigo ta YouTube ko wani furodusa ya zo yana son mayar da shi fim, yaya za a raba. Marubuci da shugaban ƙungiya su sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa.